Me Ya Sa Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Fi Zuwa da Safe?

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu ga yadda jini ke isa ƙwaƙwalwa, da yadda tafiyarsa ke canzawa tsakanin dare da rana, da dalilin da ya sa safiya take da haɗari ga mai hawan jini. A ƙarshe za mu ga abin da kowane gida zai iya yi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Duk da haka tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, wato wajen mililita 750 a kowane minti. Jinin nan ne ke kai mata sukari da iskar oksijan. Manyan jijiyoyi 4 ne ke ɗauke da shi ta wuya, biyu ta gaba, biyu ta baya.

Tsoka tana iya ajiye abinci don gaba, amma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo yanzu, shi take ci yanzu. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, mutum zai suma cikin kamar daƙiƙa 10. Idan aka yi ƴan mintoci a haka, sashen da ya rasa jini zai fara mutuwa.

Yadda take daidaita jininta

Ku tuna da mai ban-ruwa a lambun albasa. Idan ruwa ya zo da ƙarfi, sai ya rage bakin hanya don kada ya kwashe shuka. Idan ruwa ya yi rauni, sai ya buɗe hanya sosai don ya isa kowane fangali.

Haka ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aiki. Idan ƙarfin jini ya hau, sai su tsuke. Idan ya sauka, sai su buɗe. Ta haka ƙwaƙwalwa take samun jini daidai gwargwado, ko mutum yana kwance, ko yana noma, ko yana gudu.

Amma wannan aiki yana da iyaka. Hawan jini na shekara da shekaru yana sa bangon jijiyoyin ya yi kauri ya ƙage. Tsufa da ciwon sukari da shan taba su ma suna ɓata su. Jijiyar da ta ƙage ba ta iya tsukewa ko buɗewa da sauri lokacin da ake bukata.

Agogon da ke cikin jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin wuri da ke aiki kamar agogo. Yana zagayawa sau ɗaya a cikin awa 24, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kullum. Shi ke gaya wa jiki lokacin barci da lokacin tashi. Ƙarfin jini ma yana bin wannan agogo.

Da dare, idan mai lafiya ya yi barci, bugun zuciya yana raguwa, ƙarfin jini kuma yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wannan ne hutun zuciya da jijiyoyi.

Da asuba, tun kafin mutum ya buɗe ido, jiki yana sakin sinadarai masu tayar da shi don aikin yini. Zuciya ta ƙara sauri, ƙarfin jini ya hau cikin ɗan lokaci. A daidai wannan lokaci jini ya fi saurin yin guda, ga shi an kwana ba a sha ruwa ba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa ba su gama wartsakewa ba, sun fi nawa wajen amsawa da sassafe fiye da yamma.

Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka lalace, a nan ne gudan jini kan toshe hanya, ko jijiya ta fashe. Shi ya sa likitoci a ƙasashe da yawa suka lura cewa shanyewar ɓarin jiki ta fi aukuwa daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 12 na rana. Wasu ma da ita suke farkawa. Amma ku sani tana iya zuwa a kowane lokaci.

Waɗanda jininsu ba ya hutawa da dare

Akwai mutanen da ƙarfin jininsu ba ya sauka ko suna barci. An fi samun haka ga masu ciwon sukari, da masu ciwon ƙoda, da masu cin gishiri da yawa. Haka kuma mai minshari da ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci sannan ya zabura. Masu aikin dare, kamar masu gadi da direbobin manyan motoci, su ma agogonsu yakan rikice. Duk waɗannan su riƙa zuwa awon jini akai-akai.

Abin da za mu yi

1. A auna jini. Hawan jini, wanda wasu ke kira tansiyo, sau da yawa ba ya nuna alama. Idan awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, akwai hawan jini. Wasu na'urori suna rubuta shi 140/90.
2. A sha magani kullum a lokacin da likita ya faɗa. Wanda ya tsallake maganin jiya ya bar jijiyoyinsa ba kariya a safiyar yau. Kada a daina don an ji sauƙi. Kafin azumi, a tambayi likita yadda za a tsara lokacin shan magani.
3. A tashi sannu a hankali. Tashi farat ɗaya yana sa jini ya gangara ƙafafu, sai a ji jiri, har tsoho ya faɗi. A fara zama a bakin shimfiɗa na minti ɗaya ko biyu, a motsa ƙafafu, sannan a miƙe.
4. A sha ruwa bayan an tashi, musamman lokacin bazara.
5. A samu barci na awa 7 zuwa 8, a kwanta a tashi a lokaci guda kullum. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro da dare suna hana barci.
6. A rage gishiri. Babban mutum kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen miya da kanwa su ma suna cikin lissafi.
7. A bar taba.

Alamun haɗari

- Baki ya karkace gefe ɗaya.
- Hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu ko ta yi nauyi.
- Magana ta sarƙe, ko mutum ya kasa gane abin da ake faɗa masa.
- Ido ya daina gani farat ɗaya.
- Ciwon kai mai tsanani da bai taɓa yin irinsa ba.

Mutane da yawa suna cewa iska ce ta buge shi, sai a tsaya ana turare da shafe-shafe har yamma. Wannan ciwo a jijiyar jini yake, kuma kowane minti ƙwaƙwalwa tana ƙara lalacewa. A nemi mota a kai shi asibiti nan da nan. A lura da lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya. Idan ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi a kan gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko magani, domin yana iya shaƙewa. Ko da alamun sun wuce bayan ƴan mintoci, a kawo shi a ranar, domin gargaɗi ne cewa babba na iya biyo baya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa muka ce ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu?
2. Waɗanne abubuwa ne ke faruwa a jiki da asuba?
3. Kaka ta farka bakinta a karkace. Me za ku yi, me kuma ba za ku yi ba?
4. Wa ya kamata a kai awon jini a gidanku cikin wannan mako?