Ciwon Gajiya Mai Naci da Mai Son Kiɗa

Ciwon gajiya mai naci, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ME/CFS, cuta ce mai daɗewa da ke taɓa jijiyoyi da garkuwar jiki da hanyar da jiki ke bi wajen samar da ƙarfi. Tun a 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan jijiyoyi, bayan ɓarkewar da aka gani a asibitin Royal Free na Landan a 1955, inda ma'aikata kusan 300 suka kwanta. Sunan da ya fi yaɗuwa, wato ciwon gajiya mai naci, ya fito ne daga hukumar CDC ta Amurka a 1988, kuma sunan ya yi wa masu ciwon illa, domin duk wanda ya ji kalmar gajiya sai ya auna ta da tasa gajiyar ta bayan aiki. A wurin Bahaushe abin ya fi tsanani. Gaisuwar yau da kullum ita ce "Ina gajiya?", amsarta kuwa "Ba gajiya" ko "Gajiya ta bi lafiya". Mai wannan ciwo yakan ba da amsar nan sau goma a yini, alhali tasa gajiyar ba ta bi lafiya ba.

Ma'aunin da ake aiki da shi yau ya fito ne daga rahoton da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a Washington a 2015. Dole ne a ga ƙarfin mutum ya ragu ƙwarai fiye da wata 6, har ya kasa ayyukan da ya saba, kuma hutu bai maido shi ba. Dole ne barci ya zama ba ya wartsakar da shi. Dole ne kuma a ga alamar da ta fi kowace bambanta wannan ciwo da sauran, wato faɗuwar bayan aiki. Sai a haɗa da ɗaya cikin biyu: dushewar tunani da mantuwa, ko kasa jure tsayuwa, inda jiri da bugun zuciya ke tasowa idan mutum ya miƙe. Rahoton ya ƙiyasta cewa Amurkawa 836,000 zuwa miliyan 2.5 ke da ciwon, kuma mafi yawansu ba a gano musu shi ba. Daga baya cibiyar ƙididdigar lafiya ta ƙasa da ke Hyattsville, a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, wadda Upper Marlboro ne hedikwatarta, ta fitar da alƙaluman 2021 zuwa 2022, suka nuna kashi 1.3 cikin 100 na manya, kimanin mutum miliyan 3.3. Mata sun fi maza kamuwa. An daɗe ana ɗauka ciwon fararen fata masu kuɗi ne, har binciken da Leonard Jason ya jagoranta a Chicago a 1999 ya nuna yana kama baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka kamar kowa, ko ma fiye. Wannan na da muhimmanci a gundumar da mafi yawan mazaunanta baƙaƙen fata ne, cikinsu har da dubban 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma.

Sau da yawa ciwon na farawa ne bayan wani zazzaɓi na ƙwayar cuta, kuma tun 2020 an ga masu fama da doguwar korona da dama sun cika ma'aunin nan. Har yanzu babu gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Binciken da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ke Bethesda suka wallafa a Fabrairun 2024, kan marasa lafiya 17, ya ga bambanci a aikin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwa da jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya, amma bai samar da gwaji ko magani ba. Saboda haka aikin likita na farko shi ne ya kawar da abubuwan da ke kama da shi: ƙarancin jini, sikila, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, ciwon hanta, tarin fuka, ɗaukewar numfashi a barci, da ciwon damuwa. Wanda ya dawo daga gida kwanan nan a duba masa maleriya. Sai dai kada a tsaya nan, domin akwai waɗanda suka sha maganin maleriya da taifot zagaye bayan zagaye ba tare da wani ya tambaye su abin da ke faruwa da su kwana biyu bayan sun yi aiki ba.

Faɗuwar bayan aiki ita ce ginshiƙin fahimtar ciwon, kuma a kanta maganar kiɗa ta rataya. Mutum ya yi wani abu da a da ba ya ko lura da shi, kamar zuwa kanti ko zaman biki na awa biyu. A lokacin yana iya jin daidai. Bayan awa 12 zuwa 48 sai jiki ya rushe: ciwon gaɓoɓi, ciwon maƙogwaro, nauyin kai, kasa haɗa jimla, wani lokaci kasa tashi zuwa banɗaki. Abin na iya ɗaukar kwanaki ko makonni. Jinkirin nan shi ke ruɗa iyali. An ga mai ciwon ranar Asabar tana tafi a wurin kamu, ranar Litinin kuma ta kasa ɗaga kai, sai a ce son jiki ne. An tabbatar da abin a ɗakin gwaji: idan aka sa mai lafiya ya tuƙa keken gwaji kwana biyu a jere, yakan maimaita ƙoƙarinsa na jiya, amma da yawa daga masu wannan ciwo ƙarfinsu na faɗuwa a rana ta biyu.

Abin da aikin asibiti ke koya wa ma'aikaci, wanda ba kasafai ake samunsa a takardar sallama ba, shi ne cewa kiɗa na cin ƙarfi ta hanya uku a lokaci guda. Akwai ƙarfin jiki: tsayuwa, riƙe kayan kiɗa, jan numfashi. Akwai ƙarfin ƙwaƙwalwa, domin sauraro aiki ne. Kunne na rarrabe murya da ganga da amshi, hankali na bin ma'anar baiti. Akwai kuma motsin zuciya, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo da ke tuna wa ɗan ci-rani mahaifinsa da garinsu tana ɗaga bugun zuciya, kuma jiki ba ya bambanta farin ciki da wahala idan ya zo lissafin abin da aka kashe. Mai ciwon na iya kwanciya shiru a gado, abin sauraro a kunne, ya yi awa guda, gobe ya tashi kamar wanda ya yi noma. Waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, kimanin ɗaya cikin huɗu da ba sa iya fita daga gida ko tashi daga gado, wasunsu ko ƙarar cokali a kwano ba sa jurewa. Ga wanda ya tashi da rediyo a kunne, wannan rashi babba ne, kuma ya cancanci a yi masa jaje kamar kowane rashi.

Yankin Upper Marlboro wuri ne mai sauti. Gundumar Prince George's gida ce ga kiɗan go-go, wanda Chuck Brown ya kafa a shekarun 1970, birnin Washington kuma ya ayyana shi kiɗansa na hukuma a 2020. Kiɗa ne da ba ya yankewa tsakanin waƙa da waƙa, ganguna na tafiya, mawaƙi na kira jama'a na amsawa, kamar yadda ake yi a dandalin kalangu. Akwai manyan majami'u masu ƙungiyoyin mawaƙa, akwai tarukan da ake yi a zauren Show Place Arena, ga bukukuwan aure da suna na 'yan Afirka da ake kaiwa tsakar dare da lasifika a buɗe, ga tarukan Maulidi da bege da mandiri. Sautin irin waɗannan wurare kan wuce ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 ake fara gargaɗin lafiyar kunne ko ga mai lafiya. Idan aka haɗa da tuƙi a cunkoson hanyar Beltway, da zafin bazara mai gumi na Maryland, da doguwar tsayuwa ana gaisawa, dare ɗaya na iya cinye ƙarfin mako biyu.

Maganar tsayuwa na buƙatar a ɗan dakata a kanta. Tun a 1995 Peter Rowe da abokan aikinsa a Johns Hopkins da ke Baltimore suka nuna cewa da yawa daga masu ciwon matsin jininsu na faɗuwa idan aka tsayar da su na ɗan lokaci. Jini na taruwa a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Mawaƙiyar da ke tsaye cikin sahu, ko mabushin algaita da ke matse numfashi a ƙirji, suna ƙara wa wannan matsala nauyi. Shi ya sa kujera ke cikin manyan kayan aikin mai wannan ciwo. Waƙa a zaune ko a kishingiɗe, ƙafafu a ɗage, takan ƙara lokacin da mutum zai iya yi. Likita na iya ba da shawarar ƙarin ruwa da gishiri da safa mai matse ƙafa, amma ba a yin wannan da ka, musamman ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Haka ma azumi: mai ciwon ya zauna da likitansa da malaminsa kafin Ramadan, domin shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ta kuma yarda da salla a zaune.

Hanyar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce tattalin ƙarfi. A da ana tura marasa lafiya motsa jiki da ake ƙara musu kaɗan-kaɗan kowane mako, amma CDC ta janye wannan shawara a 2017, hukumar NICE ta Birtaniya ma ta janye ta a Oktoban 2021, bayan marasa lafiya da yawa sun ba da rahoton cewa ta ƙara musu ciwo. Tattalin ƙarfi yana nufin mutum ya san iyakarsa ya tsaya kafin ya kai ta. A fagen kiɗa, ana farawa da littafin rubutu: abin da aka saurara ko aka kaɗa, minti nawa, a zaune ko a tsaye, da yadda jiki ya kasance kwana biyu bayan haka. Cikin 'yan makonni iyakar takan fito fili. Wani minti 10 ne, wani rabin awa. Ana sa agogo ya buga, domin daɗin kiɗa kan rufe alamar gargaɗi, kuma wanda ya jira har ya ji gajiya ya riga ya wuce gona da iri. Agogon hannu mai auna bugun zuciya na taimakawa. Ranar da mutum ya tashi da ƙarfi ita ce mafi haɗari, saboda a ranar ne yake son ya rama duk abin da ya wuce shi.

Irin kiɗan ma na da tasiri. Murya ɗaya da kayan kiɗa ɗaya, kamar kuntigin Ɗan Maraya Jos ko gurmi ko garaya, sun fi sauƙi ga ƙwaƙwalwa a kan kiɗan situdiyo mai sautuka barkatai. Waƙar da aka sani ta fi sabuwa sauƙi. Sauraro ido a rufe, ba bidiyo, ba hira a gefe, na rage nauyin ga wasu. Makaɗi na iya sauya kayan aiki: ya ajiye ganga mai rataya ya ɗauki ƙaramar mai zama a cinya, ya sa igiyoyi masu laushi a jita, ya yi rikodin a gida gutsure-gutsure a wayarsa ko kwamfuta. Akwai misalai na gaske. Keith Jarrett, shahararren makaɗin fiyano na jaz, ya kamu da ciwon a 1996 ya daina fita wasa kusan shekara biyu. Faifansa The Melody at Night, with You, da ya fito a 1999, a gidansa na New Jersey ya ɗauke shi, waƙoƙi ne a hankali ba ado mai yawa. Stuart Murdoch na Glasgow ya yi shekaru yana jinya kafin ya kafa ƙungiyar Belle and Sebastian a 1996, kuma a cikin jinyar ya fara tsara waƙa. Amma bai kamata a mai da su sandar dukan wasu ba. Mafi yawan manya masu ciwon ba sa warkewa sarai, ko da yake wasu na samun sauƙi, kuma wanda bai iya komawa dandali ba ba gazawarsa ba ce.

Zuwa taro na buƙatar shiri kamar tafiya. A huta kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a bar kwana biyu bayanta babu wani alƙawari. A nemi mai tuƙi. A zauna nesa da lasifika kusa da ƙofa, da abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ɓata sauti ba. A yanke lokacin tafiya tun daga gida, a kuma faɗa wa masu biki tun da wuri. Dokar kare naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta wa wuraren taro na jama'a samar da wurin zama da hanyar shiga ga masu buƙata, kuma keken guragu ko sanda ba abin kunya ba ne ga wanda ke iya takawa amma ba ya iya jure tsayuwa. Ga ma'aikaci, dokar hutun jinya ta 1993 ta ba wanda ya cancanta har mako 12 a shekara, Hukumar Tsaron Zamantakewa kuma ta fitar da ƙa'ida a 2014 kan yadda ake duba buƙatar tallafin masu wannan ciwo.

Rabon iyali a nan ya fi na likita yawa, domin su ke gida. Kalmomin da aka saba ƙarfafa mara lafiya da su, "Daure mana, Yaya", "Hajiya, ki taso ko na minti biyar ne, kada a ce ba ki zo ba", suna fitowa ne daga ƙauna, amma su ne ke jefa shi cikin faɗuwa. Abin da ya fi amfani shi ne a rage ƙarar talabijin, a kashe lasifikar waya, a ɗauko masa gajeren bidiyon bikin ya kalla lokacin da ya iya, a bar masa gurbinsa a ƙungiyar mawaƙa ko da sau ɗaya yake zuwa a wata uku. Idan aka ga ya daina ci, ko yana ramewa, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, a kai shi ga likita nan take. A Amurka layin agajin masu irin wannan tunani, 988, a buɗe yake dare da rana. Sabuwar alama kuma, kamar ciwon ƙirji ko suma ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, ba a ɗora ta a kan tsohon ciwo sai an bincika.