Zaɓen Masauki a Cikin Gandun Namun Daji: Darasi Daga Kainji da Yankari

Gabatarwa

Duk wanda ya ji sunan garin Giwa Tazo, giwa ce za ta fara faɗo masa a rai. Amma da wuya a sami ɗalibi a makarantun wannan gari, ko na Maiyama da Jega da Aliero, wanda ya taɓa ganin giwa da idonsa. Gonaki da garuruwa sun cinye dazuzzukan da manyan namun daji ke zaune a ciki. Shi ya sa da wasu giwaye suka ɓullo a yankin Koko/Besse da Bagudo a shekarar 2018, abin ya zama labari a duk faɗin Jihar Kebbi. Ɗalibin da ke son ganin irin waɗannan dabbobi a mazauninsu na asali, dole ne ya je gandun da hukuma ta keɓe.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai ziyarar ilimi takan gyaru ko ta ɓaci tun daga wurin kwana. Mafi yawan masu shirya tafiya kuɗin ɗaki kawai suke tambaya. Wannan darasi zai nuna cewa zaɓen masauki a gandu tambaya ce ta ilimin halittu, domin ta shafi ruwa, da lokacin fitowar dabbobi, da ƙwari masu yaɗa cuta, da kuma lafiyar dabbobin su kansu.

Gandayen da Za a Yi Misali da Su

Babban gandun ƙasa mafi kusa da kudancin Kebbi shi ne na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, kuma kashi biyu ne: ɓangaren Borgu a yamma da tafkin, wanda shi ne mafi girma, da ɓangaren Zugurma a gabas. Hedkwatarsa tana Sabuwar Busa. An gina babban sansanin baƙi na Borgu a bakin Kogin Oli. Tafkin kuwa, wanda madatsar ruwan da aka kammala a 1968 ta haifar, ya miƙe har zuwa Yauri.

Na biyu shi ne Yankari a Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan aka mayar da shi hannun gwamnatin jiha a 2006. Masaukinsa shi ne Sansanin Wikki. A Jamhuriyar Nijar akwai gandun da ake kira W, saboda yadda Kogin Kwara ya yi lanƙwasa mai kama da wannan harafi. An kafa shi a 1954.

1. Nisa da Lokacin Fitowar Dabbobi

Yawancin manyan dabbobin daji da sassafe da kuma yamma liƙis suke fitowa kiwo da shan ruwa. Dalili kuwa shi ne zafi. Jikin gwanki ko ɓauna yana samar da zafi a kullum, idan kuma rana ta take sai dabba ta yi asarar ruwa mai yawa wajen sanyaya jikinta. Saboda haka takan shige inuwa daga hantsi har zuwa la'asar. Wanda ya iso da azahar, ciyawa da itatuwa kawai zai gani.

A nan ne girman gandu yake zama matsala. Sansanin Wikki yana da nisan kimanin kilomita 42 daga babbar ƙofar Yankari. Wanda ya kwana a wajen gandu don neman sauƙin kuɗi, sai ya jira a buɗe ƙofa, ya yi wannan tafiya, ya nemi ɗan jagora, kafin ya kama hanyar kogi. Kafin nan sa'o'i mafiya amfani sun wuce. Wanda ya kwana a ciki kuwa yana iya kasancewa a bakin ruwa jim kaɗan bayan sallar asuba. Ashe arahar ɗaki a waje tana iya zama tsada, idan aka lissafa man mota da darasin da aka rasa.

2. Ruwa Shi Ne Matattara

Ba haka kawai aka gina Sansanin Oli a bakin kogi ba, ko Wikki kusa da Kogin Gaji. Da damina ruwa yana ko'ina, dabbobi sukan warwatsu, ciyawa kuma takan fi mutum tsawo. Da rani kuwa tafkuna ƙanana sukan ƙafe. Kogin Oli yakan tsinke ya zama gurbi-gurbi, inda dorina da kada ke fakewa, kuma nan ne mariya da gwambaza da kanki da gwanki ke zuwa sha. Giwa ɗaya tana iya shan fiye da lita 100 a rana, don haka ba ta yin nisa da ruwa. Wannan ne ya sa aka fi ziyartar waɗannan gandaye daga Disamba zuwa Afrilu.

Amma kusanci da ruwa yana da iyaka. Dorina tana wuni cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, kuma takan bi turba guda da ta saba. Idan ta firgita, wannan turbar take bi da gudu ta koma ruwa, komai ta tarar a kai sai ta bi ta kansa. Bai halatta a kafa tanti a kan irin wannan turba ba, ko tsakanin kogi da makiyaya. Masauki nagari shi ne wanda ke kan tudu, yana hango ruwa, ba ya tare hanyar zuwa gare shi.

3. Ƙwari da Cututtuka

Zaki da damisa ne ɗalibai suka fi tsoro, alhali ƙananan ƙwari sun fi su kwantar da baƙi. Uku ne ya kamata a sani.

Na farko sauro. Macen sauron Anofilis ce ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma da dare take cizo. Cutar ba ta bayyana sai bayan kwana 7 ko fiye, don haka ɗalibi yana iya dawowa gida lafiya, zazzaɓi ya kama shi daga baya. Ɗakin da tagoginsa ke da raga marar huda, da gidan sauro mai magani, ya fi ɗaki mai ƙawa wanda ba shi da su.

Na biyu ƙudan tsando. Yana son inuwar kurmin bakin rafi, da rana yake cizo, kuma macen da namijin duka jini suke sha. Shi ke yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Bincike ya nuna launin shuɗi da baƙi suna jawo shi, har ma da kyallaye masu waɗannan launuka ake yin tarkonsa. Makarantar da kayan ɗalibanta shuɗi ne, gara ta sa su sanya tufafi masu launin ƙasa da dogon hannu.

Na uku wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi, wanda ke yaɗa tsutsar da ke kawo makantar kogi. Shi ma da rana yake cizo, kusa da inda ruwa ke zuba a kan duwatsu.

Banda waɗannan, wanka a ruwan da ke kwance yana iya jawo tsargiya, domin dodon koɗin da ke rainon tsutsarta a nan yake zaune. Ruwan Wikki daban yake: daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau, da ɗumin digiri 31 rani da damina. Duk da haka, ruwan sha sai an tabbatar da tsabtarsa ko an tafasa shi. Haka nan, ciyawar da ke kewaye da ɗaki ta zama a sassabe, saboda kasa da kububuwa da kunama.

4. Shinge, Shara da Halin Dabbobi

Masaukai iri biyu ne. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1926, manyan sansanoni suna da shinge, kuma ana rufe ƙofofinsu da faɗuwar rana. A Wikki kuwa gwaggon biri da gadu suna yawo a tsakanin ɗakuna. Wannan dama ce ta nazari, amma tana buƙatar horo. Birin da ya saba samun abinci a hannun mutane yakan daina tsoronsu, ya koyi tura ƙofa da fizge jaka, wani lokaci har da cizo.

Cutarwar ba ta tsaya ga mutum ba. A ƙasar Kenya, a shekarun 1980, masanin halittu Robert Sapolsky ya shaida yadda wasu mazan garken gwaggon birin da yake nazari suka koma cin abinci a jujin wani masaukin baƙi. Gurɓataccen nama ya sa musu tarin fuka na shanu, kusan rabin manyan mazan garken suka mutu. A Amurka ma, gandun Yellowstone, wanda shi ne na farko a duniya tun 1872, sai da ya rufe jujinsa a 1970 domin raba namun daji da abincin mutane. Saboda haka, inda masauki ke zubar da shararsa tambaya ce da ta kamaci kowane malamin kimiyya. Ƙarar janareta da hasken fitila mai ƙarfi su ma suna korar dabbobin dare, suna kuma tara ƙwari a bakin ƙofa.

5. Tsaro

Wannan sharaɗi ya sha gaban duk sauran. Daji mai faɗi da ƙarancin hanyoyi, wanda ya dace da namun daji, ya kuma dace da masu ɓuya. A ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa da ke kusa da Yamai. A shekarun da suka biyo baya, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun yi sansani a sassan dajin Kainji da na W, sun kuma kai hare-hare a ƙauyukan da ke kewaye. Don haka kada malami ya dogara da tsohuwar takardar talla ko labarin wanda ya je shekarun baya. Wajibi ne ya sami amsa a rubuce daga Hukumar Kula da Gandayen Ƙasa, ko hukumar jihar da ke riƙe da gandun, da kuma jami'an tsaro, a kan gandun da hanyar zuwa gare shi. Idan amsar ba ta gamsar ba, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyin da Malami Zai Yi Kafin Biyan Kuɗi

(a) Minti nawa ne daga masauki zuwa mashayar dabbobi?
(b) Akwai raga a tagogi da gidan sauro ga kowane ɗalibi?
(c) Daga ina ruwan sha yake fitowa?
(d) Akwai ɗakunan maza da na mata a rabe, kusa da na malamansu?
(e) Ina asibiti mafi kusa, kuma yana da allurar saran maciji?
(f) Akwai ma'aikatan gandu masu gadi da dare, da hanyar sadarwa idan waya ba ta kamawa?

Kammalawa

An ga cewa abin da ke tara dabbobi, wato ruwa, shi ne kuma ke tara ƙwari da haɗari. Masaukin da ya dace da ɗalibai shi ne wanda ke cikin gandu, a kan tudu, kusa da ruwa amma ba a bakinsa ba, mai raga da tsabta, wanda ke killace shararsa, kuma hukuma ta tabbatar da tsaronsa a lokacin tafiyar.

Aikin Aji

1. Wata makaranta ta kwana a nisan kilomita 60 daga mashaya. Motarta tana yin kilomita 30 a awa. Idan ta tashi da ƙarfe 7 na safe, yaushe za ta isa? Me ake sa ran za ta gani, kuma don me?
2. A kwatanta sauro da tsando ta fuskar lokacin cizo, da mazauni, da cutar da kowanne ke yaɗawa.
3. Ɗalibai su zauna a bakin tafki ko fadamar garinsu na minti 30 da asuba, da kuma minti 30 da azahar, su ƙidaya tsuntsayen da suka sauka. A zana sakamakon, a bayyana dalilin bambancin.
4. A tambayi dattawan gari sunayen namun dajin da suka sani a ƙuruciyarsu waɗanda ba a gani yanzu, a rubuta su tare da dalilan da suka bayar.