Mai-bi da Littattafansa

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, wannan magana dominka ce. Wanda ya soma bin sabuwar hanya yana da tambayoyi da yawa, malami kuwa ba ya kusa da shi kullum. Wataƙila mai wa'azi ba ya zuwa garinku sai sau ɗaya a wata. Wataƙila kai kaɗai ne mai-bi a gidanku, ba ka da wanda za ka tambaya sa'ad da shakka ta taso maka da dare. A irin wannan hali littafi ne zai zama abokin shawararka. Amma littattafai suna da yawa, darajarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Domin wannan ya kamata ka san wanda za ka sa a gaba, da waɗanda za su bi bayansa, da wanda za ka ajiye a gefe.

1. Littafin da ke gaba da duka

Littafi Mai-tsarki shi ne na fari. Wanda ke hannunka littattafai 66 ne aka haɗa wuri ɗaya, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabon Alkawari. An rubuta yawancin Tsohon Alkawari da Ibrananci, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. A cikinsa ne Allah ya bayyana nufinsa, a cikinsa kuma kake samun labarin Mai-cetonka daga bakin waɗanda suka gan shi.

Ka san yadda ake yi a kasuwar hatsi. In gardama ta tashi tsakanin mai awo da mai saye, sai a kawo mudun da kowa ya yarda da shi, a sake aunawa. Haka Littafi Mai-tsarki yake ga mai-bi: da shi ake auna kowane littafi da kowane wa'azi. A cikin Ayyukan Manzanni, sura 17, an yabi mutanen Biriya domin sa'ad da manzo Bulus ya yi musu wa'azi, sun karɓa da marmari, suna kuma duba Littattafai kowace rana su ga ko haka abin yake. In an auna maganar manzo, an kuwa yabi masu awon, to, ba wani marubuci da ya fi ƙarfin a auna tasa.

2. Yadda ya zo cikin harshenka

Kada ka ɗauki littafin nan da rainin abin da aka samu a sauƙaƙe. A shekarar 1841 wani malami Bajamushe mai suna Shon ya bi ayarin jiragen da suka hau kogin Kwara, tare da Samuila Ajayi Kurauda, wanda daga baya ya zama bishof a 1864. A tafiyar nan Shon ya ƙwallafa rai ga harshen Hausa. Bayan shekaru sai Allah ya kawo masa mataimaki, wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. An kama yaron nan bawa, aka 'yanta shi a Kukawa, daga nan matafiyin nan Bart, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdulkarim, ya kai shi Ingila a 1855. Dorugu ya zauna a gidan Shon yana faɗa masa Hausa, Shon yana rubutawa. A 1857 aka buga Bisharar Matta da Hausa.

Aikin bai ƙare nan ba. Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya yi shekaru masu yawa yana fassara tare da Hausawa masu taimakonsa da waɗansu 'yan mishan, har aka buga Littafi Mai-tsarki duka da Hausa a 1932. Ka lissafa: daga Bisharar Matta zuwa cikakken littafin, shekara 75 ke nan. Tun daga lokacin an yi waɗansu fassarori cikin Hausa mai sauƙin ganewa. Abin da mutane suka ƙare ƙarfinsu a kai, kada kai ka bar shi cikin akwati gara ta ci.

3. Yadda za ka karanta shi

Masu-bi da yawa sukan soma daga Farawa da zafin zuciya, su kai Littafin Firistoci, su tarar da dokokin hadaya, su gaji, su rufe littafin. Kai ka soma da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta, sura 16 ce kaɗai. In kana karanta sura ɗaya kowace rana, kwana 16 ka gama. Daga nan ka bi Luka, da Yohanna, da Ayyukan Manzanni, sa'an nan wasiƙu. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, wato wata tara bai cika ba ka kai ƙarshensa. Ka riƙa haɗawa da Zabura domin addu'a. Bayan ka san Almasihu sarai, ka koma Tsohon Alkawari, za ka ga hanyar ta buɗe. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka sa wa karatu lokaci, ko da asuba kafin ka tafi gona ko wurin aiki, ko da dare bayan gida ya yi shiru. Ka roƙi Allah ya buɗe maka hankali kafin ka buɗe littafi. Ka karanta sura ɗungum, gama aya guda da aka tsinko daga tsakiyar magana takan juya ma'ana, kamar yadda mai kai tsegumi yake yi da rabin zance.

In ka iske abin da ba ka gane ba, kada ka ji kunya, kada kuma ka ƙaga masa ma'ana da kanka. Ka tuna da babban ma'ajin nan na Habasha a cikin Ayyukan Manzanni, sura 8. Mutum ne mai muƙami, yana karanta annabi Ishaya a cikin karusarsa, amma bai ɓoye rashin ganewarsa ba. Ya roƙi Filibus ya hau ya zauna tare da shi, ya bayyana masa. Ka sa alama a wurin da ya yi maka wuya, ka kai wa malamin ikilisiya ko wani dattijo mai-bi. Matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma yi hankali da wani abu. Waɗansu sukan sa Littafi Mai-tsarki ƙarƙashin matashin kai domin tsari, ko su rataya aya a wuya kamar laya. Ikon Maganar Allah ba ya cikin takarda da tawada. Iri yana tsirowa a cikin ƙasa, Magana kuma a cikin zuciyar da ta ji ta yi biyayya.

In ba ka iya karatu ba tukuna, ka sa wani ya karanta maka, ko ka saurara a rediyo ko a waya, ka kuma shiga ajin koyon karatu ko da furfura ta fito maka. Kai da ka iya kuwa, ka karanta wa matarka da 'ya'yanka da ƙarfi, su ma su ji.

4. Sauran littattafai

Kada ka ce tun da kana da Littafi Mai-tsarki sauran littattafai ba su da amfani. Manzo Bulus kansa, yana kurkuku, ajalinsa ya kusa, ya aika wa Timothawus ya zo masa da littattafai da fatun rubutu da ya bari a Taruwasa.

Ka nemi littafin tambaya da amsa da ikilisiyarku ke koyar da masu neman baftisma, da littafin waƙoƙi. Waɗannan za su tsara maka gindin bangaskiya. Ka nemi kuma labarin ikilisiya, gama zai nuna maka ba kai ne na fari da ya sha wuya saboda sunan Yesu ba. A nan za ka gane bangaskiyar nan ta yi saiwa a Afirka tun da daɗewa. Atanasiyus, bishof na Iskandariya a Masar, shi ne ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari a cikin wasiƙarsa ta shekarar 367, su ne kuwa waɗanda suke a hannunka. Agustin kuma an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya. Ya yi ƙuruciyarsa cikin bin sha'awar jiki, uwarsa Monika tana yi masa addu'a da hawaye, har a 386 ya karanta wani wuri a wasiƙar Romawa, ya tuba. Za ka ji kuma labarin Yohanna Bunyan, mai gyaran tukwane a Ingila, wanda aka tsare shekara 12 domin ya ƙi daina wa'azi, ya rubuta littafin da ya kwatanta zaman mai-bi da tafiyar matafiyi, aka buga shi a 1678.

Amma ka lura da abin da Agustin ya yi da ya tsufa. Ya ɗauko littattafan da ya rubuta, ya bi su ɗaya ɗaya, ya nuna wuraren da ya yi kuskure, ya gyara. Idan babban malami irin wannan ya yarda littattafansa suna bukatar awo, ka san matsayin littafin kowane ɗan Adam.

5. Abin da za ka ajiye a gefe

A zamanin nan rubutu ya yi arha. Ana sayar da littattafan addini a tasha da ƙofar majami'a, wa'azi kuma yana shigowa waya dare da rana. Akwai masu kyau a ciki, akwai masu cuta. Wani zai ce maka in ka ba mai wa'azi kuɗi kaza, Allah zai mayar maka riɓi ɗari. Wani zai sanya ranar da duniya za ta tashi, ko da yake Ubangiji ya ce ba a ba kowa sanin ranar ba. Wani zai nuna maka tsohuwar gidanku ya ce ita ce mayyar da ta tare maka arziki. Irin wannan rubutu ya raba mutane da kuɗin takinsu, ya raba 'ya'ya da iyayensu.

Ka auna kowane littafi da tambayoyi uku. Wa yake ɗaukakawa, Almasihu ko marubucin? Ayoyin da ya kawo, in ka buɗe ka karanta surar duka, haka suke nufi? Wane hali yake haifarwa a cikinka, tawali'u da ƙauna, ko kwaɗayi da tsoro da ƙiyayya? Wanda ya faɗi awon nan, ka rabu da shi, ko da bangonsa yana da kyau, ko da sunan mai shi ya cika gari.

6. Ƙarshen karatu

Yaƙub ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi, ya tafi, nan da nan ya manta kamanninsa. Kada karatu ya mai da kai mai gardama a dandali, kana kunyata maƙwabcinka da ilimin da ka samu jiya. Yawancin danginka ba za su buɗe littafinka ba, amma suna duban halinka: ko kana biyan bashi, ko mudunka cikakke ne, ko kana girmama iyayenka, ko kana haƙuri sa'ad da aka zage ka. In wani ya tambaye ka dalilin begenka, ka amsa masa da ladabi. In bai tambaya ba, ka yi masa addu'a, ka ci gaba da yi masa alheri.

Yau da dare ka buɗe Markus, sura ta fari. Ubangiji ya ba ka fahimi, ya kuma ba ka ƙarfin aikata abin da ka gane. Amin.

Tambayoyi

Don me aka yabi mutanen Biriya? Da wace Bishara za ka soma, don me kuma? Me ma'ajin Habasha ya yi da abin da bai gane ba? Faɗi tambayoyi uku da za ka auna littafi da su.