Nasiha ga 'ya'yana masu koyon haɗa fanel

'Ya'yana, a zamaninmu idan muna son fanel na rediyo ko amfilifaya, da alƙalamin maka muke zana hanyoyin wuta a kan allo mai fuskar jan ƙarfe, sannan mu tsoma shi cikin wani ruwan sinadari mai launin goro, ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Akwai ranar da na shafe kwana biyu ina zane, sai da na zo dasa ayisi na ga ashe ban juya zanen ba, ƙafafun duk sun koma baibai. Allon ya tafi shara, zuciyata ta daɗe tana suya.

Ku kam Allah ya hutar da ku. Akwai manhaja mai suna KiCad, wadda wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara rubutawa a 1992. Daga 2013 cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba ta sa injiniyoyinta cikin aikin. Kyauta ce halak malak: ba a ƙayyade maka girman allo, kuma kana iya sayar da abin da ka ƙera ba wanda zai tambaye ka ko sisi. Da zarar ka sauke ta, ba sai da intanet za ka yi zane ba.

Abin da ke damuna shi ne ina ganin da yawanku kuna yawo da manhajar sata a filash. Ku bari, don Allah. Haƙƙin mutane ne, kuma sau da yawa da ita cuta ke shiga kwamfuta. Ko wadda aka biya kuɗinta ma ba ta da tabbas. Kamfanin Autodesk ya sayi manhajar EAGLE a 2016, daga baya ya sanar zai daina kula da ita a watan Yunin 2026. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai manhaja ba za ta yi maka tunani ba. Ka fara da zanen da'irar, ka sa ta bincika maka ko akwai ƙafar da ka bari a sake. Bayan nan ne wurin da yara suka fi faɗuwa, wato zaɓen mazaunin kowane kaya. Kada ka yarda da sunan da ke kan allon kwamfuta kawai. Ɗauko ainihin abin da ka sayo a kasuwar Sabon Gari, ka auna. Taransista BC547 da 2N3904 kamar tagwaye suke a ido, amma jerin ƙafafunsu a juye yake. Hanyar da za ta ɗauki wuta mai nauyi, kamar ta inbata, ka faɗaɗa ta, in ba haka ba za ta yi zafi ta ƙone. Kafin ka tura fayilolin zanen, wato na Gerber, zuwa masana'anta, ka buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko kowace ƙafa ta faɗa raminta.

Ku sauke ta a makon nan, ku fara da ƙaramar fitila mai ƙyaftawa da ayisi 555. Wanda ya gama ya kawo min takardarsa mu duba tare. Allah ya yi muku albarka.