Kafin Yaro Ya Taɓa Kwalba a Ɗakin Gwaji

Sodar da ake haɗa sabulu da ita, in an narkar da ita, kamarta ɗaya da ruwan sha: ba launi, ba wari. Da wannan mai rubutun nan, malamar kimiyya a ƙaramar sakandare, take fara wa 'yan aji ɗaya darasi. Takan ajiye kwalabe biyu, ɗaya ruwa ɗaya soda, nesa da hannunsu, ta ce su nuna mata wadda ake sha. Su yi ta gardama. Sai ta tsoma jar takardar litmus a kowace. A ɗaya ta zauna yadda take, a ɗaya ta koma shuɗiya nan take. Daga ranar babu mai musu idan an ce ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ba a kuma shiga da abinci.

Sauran dokokin ma sai da dalili suke zama a kan yaro. Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, domin in aka juya, zafin da ke tashi yakan sa ya fantsamo fuska. Harshen wutar Bunsen shuɗi ne, da kyar ake ganinsa da rana, shi ya sa 'yan mata ke cusa gefen hijabi cikin rigar gwaji, maza su naɗe hannun riga. Silifas a bar shi a gida.

Inda malamar ta fi daɗewa shi ne taimakon gaggawa, don a nan al'adar gida ke karo da ilimi. Yaro ya sha kananzir ko soda, sai a ɗura masa manja don ya yi amai. Kuskure ne babba. Soda tana sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa, kananzir kuwa yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Asibiti za a nufa, a tafi da kwalbar. In a ido sinadarin ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, kuma a ɗakin da famfo ba ya kawo ruwa, malamar ba ta fara gwaji sai ta ga bokiti cike kusa da ita.

Aikin gidan da take bayarwa a makon farko: kowa ya duba ko a gidansu ana zuba kananzir, ruwan batir ko bilic a robar lemo, ya gaya wa iyayensa su rubuta suna a jiki, su ɗaga shi sama inda ƙannensa ba sa kaiwa.