Zaɓen 2027: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Yi Gardama



Kwanan nan idan aka tashi tara, hirar zaɓen shugaban ƙasa ce ta fi yawa a ajinmu. Wannan ya ce jam'iyyar babansa ce za ta ci, wancan ya ce ƙarya ne. Har an taɓa yin cacar baki sai da monita ya raba. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin jarida muka zauna da malaminmu na darasin zaman ɗan ƙasa, muka duba alƙaluman zaɓukan baya. Ba mu goyon bayan kowace jam'iyya. So muke mu koyi yadda ake hasashe da hujja.

Darasi na ɗaya: yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba

Tsarin mulkin Najeriya ya kafa sharaɗi biyu. Dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u. Sannan dole ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24. Idan babu wanda ya cika sharaɗin, sai hukumar zaɓe ta INEC ta shirya zagaye na biyu. Ke nan jam'iyyar da ke da ƙarfi a yanki ɗaya kawai ba za ta kai labari ba, ko da duk unguwarmu ita ake so.

Darasi na biyu: abin da ya faru a 2023

An yi zaɓen ne ranar 25 ga Fabrairu. Bola Ahmed Tinubu na APC ya samu ƙuri'a miliyan 8.8. Atiku Abubakar na PDP ya samu kusan miliyan 7. Peter Obi na LP ya samu miliyan 6.1. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu kusan miliyan 1.5, kuma shi ya ci jihar Kano.

Da muka tara ƙuri'un mutum ukun da ba su ci ba, sai muka samu sama da miliyan 14.5. Sun fi na wanda ya ci nesa ba kusa ba, amma sun rabu gida uku. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta maganar haɗaka. A watan Yulin 2025 wasu manyan 'yan adawa suka sanar cewa za su haɗu a jam'iyyar ADC. A ɗaya ɓangaren kuma wasu gwamnonin PDP, kamar na Delta da Akwa Ibom, sun koma APC.

Darasi na uku: haɗaka ba lissafin tarawa ba ce

Da farko mun ɗauka in 'yan adawa suka haɗu, shi ke nan an gama. Malam ya ce mu koma baya tukuna. A 2011 Goodluck Jonathan na PDP ya samu ƙuri'a miliyan 22.5. Muhammadu Buhari da Nuhu Ribaɗu da Ibrahim Shekarau, in an tara nasu, sun samu miliyan 15 da 'yan kai. A 2013 jam'iyyunsu, wato CPC da ACN da ANPP, suka narke suka zama APC. A 2015 Buhari ya ci zaɓe da miliyan 15.4.

Ku lura da kyau. Ƙuri'un 'yan adawa kusan ba su ƙaru ba. Abin da ya canza shi ne na Jonathan sun sauko zuwa miliyan 12.9. Haɗaka ta taimaka, amma sai da jam'iyya mai mulki ta rasa ƙuri'a kusan miliyan 10 kafin ta faɗi, bayan shekara 16 tana mulki. Kuma ba dole ba ne wanda ya zaɓi Obi ya yarda ya zaɓi Atiku, ko mai son Kwankwaso ya bi Obi. Mutane ba lambobi ba ne da za a ɗebo daga nan a zuba can.

Darasi na huɗu: waɗanda suka zauna a gida

Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista kafin zaɓen 2023, amma kusan miliyan 25 ne kawai suka fita. Wato a cikin mutum huɗu, kusan uku ba su je rumfar zaɓe ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'un wanda ya ci kusan sau takwas. Duk jam'iyyar da ta iya fito da ko kaɗan daga cikinsu, za ta rikita lissafin kowa.

To, wa zai ci?

A ganinmu, APC tana da gwamnoni masu yawa da ƙarfin mulki. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun tashi, mu ma mun gani a kuɗin tara da ake ba mu. Su kuma 'yan adawa suna da masu korafi da yawa a bayansu, amma sai sun yarda da ɗan takara ɗaya, kuma kowannensu yana son kujerar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mu dai ba za mu yi zaɓe a 2027 ba, domin sai mai shekara 18 ke kaɗa ƙuri'a. Amma wanda ya ci shi zai riƙe ƙasar lokacin da za mu rubuta jarrabawar gama sakandare. A 2031 kuwa da yawanmu za su riƙe katin zaɓe. Kafin nan, mu tunatar da iyayenmu da yayyenmu su karɓi katinsu, kada su sayar da ƙuri'arsu, kuma kada su yarda a ba su makami don wani ɗan siyasa.

Tambayar wannan mako: idan ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, amma ya samu kashi 25 a jihohi 22 kawai, me zai faru? Ku rubuta amsa da suna da aji, ku saka a akwatin kulob kafin ranar Alhamis.

Allah Ya ba ƙasarmu shugabanni nagari, Ya zaunar da mu lafiya.