Ciwon baya: yadda muke kwantar da masu lafiya

A amalanken shanu aka fito da shi daga ƙauye zuwa bakin titi, daga nan aka ɗauki shatar mota har Azare. Manomi ne daga wajajen Chinade, shekarunsa arba'in da 'yan kai. 'Ya'yansa biyu suka tallabo shi, ƙugunsa cikin bel mai ƙarafa, a kan bel ɗin kuma an tamke da rawani. Ina cewa ya zauna a bakin gado babban ɗan ya tare ni: "Likita, a bi a hankali, an ce ƙashin bayan Baba ya goce."

Na tambayi mafari. Da kaka ne, ya sunkuya zai ɗora buhun gero, baya ya riƙe. Ciwon a ƙugu ya tsaya, bai sauka ƙafa ba. Irin wannan yawancinsa kafin mako shida ya lafa, ko an yi magani ko ba a yi ba, muddin mutum yana motsi. Shi kuwa kyamis ya fara zuwa, aka dinga danna masa allurar diklofenak safe da yamma, aka ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda, babu suna babu kwali. Wanzami ya kafa ƙaho. Mai lasifika a kasuwa ya ce basir ne ya hau baya, ya sayar masa da galan guda na tsimi. Duk wannan na saba gani, bai ɗaga mini hankali ba.

Abin da ya ƙona mini rai a wani asibitin kuɗi ya faru. An ɗauki hoton baya, aka ga zaizaya tsakanin L4 da L5, wanda ya karanta ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce masa bayansa ya zama na ɗan shekara saba'in, in ya ƙara sunkuyawa zai shanye. Daga ranar bawan Allah ya daina ruku'u, ya daina sujada, sallah sai a kishingiɗe. Ya sayar da ɗaya daga shanun huɗarsa ya tafi Kano aka yi MRI, takarda ta ce faifai ya ɗan turo. Da ya dawo ya faɗa hannun wani mai farar riga da ke kiran kansa likitan gashi: kullum fitila mai jan haske, kullum injin TENS, kullum kuɗi, ba a taɓa ce masa miƙe in ga tafiyarka ba. Maƙwabci kuma, don tausayi, ya koya masa taramol.

Na duba shi daga sama har ƙasa. Ɗaga ƙafa bai tada komai ba. Ƙarfin babban yatsa lafiya, jijiyoyin gwiwa da agara suna amsawa, fitsari da bayan gida daidai, babu zazzaɓi, babu tari. Abin da na tarar shi ne cinyoyin da suka zube saboda kwanciya, fuskar da ƙwayar deksa ta kumbura, ciki mai zafin gyambo, da mutumin da ke tsoron taɓa gwiwarsa da hannunsa.

"Malam, bayanka bai goce ba."

"To hoton fa, likita?"

Hoton! A 2015 wani mai bincike, Brinjikji, da abokan aikinsa sun tattara hotunan bayan mutum 3,110 waɗanda babu abin da ke musu ciwo. A cikin 'yan shekara 40, kashi 68 cikin ɗari suna da zaizayar faifai, rabin masu wannan shekarun kuma faifan ya turo. A 'yan shekara 80 zaizayar ta kai kashi 96. Furfura ce ta cikin jiki. Da zan tare ƙofar kasuwar Azare in tura duk mai shiga hoto, da rabin garin ya koma gida da takardar tsoro.

Ba jiya aka san wannan ba. Tun 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a riƙa tura mai ciwon baya hoto haka kawai, kada a ba shi bel, kada a ja bayansa da na'ura, a bar TENS. Mujallar Lancet ta maimaita a 2018, tana kukan cewa ƙasashe marasa ƙarfi suna kwaikwayon almubazzarancin masu kuɗi. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin kan ciwon da ya daɗe: motsa jiki da bayani mai kwantar da hankali a gaba, bel da jan baya da dangin taramol a ajiye. Ita ce ta ce mutum miliyan 619 ke fama da ciwon a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna wata cuta guda a ce ga ta.

Manomin nan kuwa, mun fara da tashi daga kujera, sai tattaki zuwa masallaci, sai ruku'u, sai ɗaga bokiti rabin ruwa. Ya yi sujada, ya yi kuka. Amma damina ta wuce gonarsa a hannun 'yan haya, sa ya tafi, taramol kuma har yau ana fama.

Ciwo ba karaya ba ne. Kwanciya ba magani ba ce. Hoto ba ya jin zafi, mutum ake dubawa.

Ku ma masu zuwa asibiti kuna da naku laifin. Mutum zai zauna a duba shi tsaf, a koya masa atisaye uku, ya fita yana gunaguni wai ba a yi masa komai ba, ko inji ba a jona masa ba. Sai ya dawo bayan wata biyu, takardar atisayen a ninke cikin hula yadda aka ba shi. Abokan aikina da ke jona inji don kawai mara lafiya ya ji an yi masa aiki, kun san abin da littafi ya ce. Mai farar riga kuwa, a tambaye shi lasisin MRTB, hukumar da ke kula da masu gashi. Tun 1988 take, ba sirri ba ce. Kuma a daina karɓar haɗin leda. Na ce a daina, ƙoda ba ta da madadi a kyamis. Bel a cire.

Wanda ba a jira da shi daban yake: fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafa ta fara ja a ƙasa. Wannan a ranar za a kai shi asibitin tarayya na Azare, ko da tsakar dare ne. Haka mai ciwon bayan da ke hana barci, ga rama, ga gumin dare, ga wani ƙulli yana tasowa a gadon baya. Tarin fuka na kama ƙashin baya, muna ganinsa daga Gamawa, daga Itas, daga Zaki, kuma maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Kada a bari maɗori ya hau wannan bayan da ƙafa, kada a yi masa sakiya.